Ranar da Motar Sha'aibu Ta Bar Hanyar Fadama

Liman na sallame sallar asuba Nazifi ya miƙe. Na kusa da shi ya miƙo hannu a gaisa, ya tarar da tabarma kawai. A gida ya zura shaddarsa ta Sallah, ya ga kwalliyar ta yi yawa ga mai zuwa ban haƙuri, ya tuɓe. Ya sa yadin da yake zuwa kasuwa da shi, ya ga kamar raini ne, ya sake tuɓewa ya koma wa shaddar. Mahaifiyarsa, Inna Turai, tana bakin murhu tana dama koko, tana kallonsa yana shiga yana fita.

"Oh ni Turai! Wata huɗu kana zaune kamar an dasa ka, yau kuma ƙasa ta yi maka zafi? Zauna ka sha koko."

"Inna, mota."

"Motar da sai bakwai? Ko kaji ba su gama saukowa ba."

Bai zauna ba. A tsaye ya kurɓi kokon, ya ƙona harshe, ya dire kofin.

To, ga abin da ya hana bawan Allahn nan zama. Nazifi manomin rani ne a Unguwar Marke, wani ƙauye a ƙasar Kiru, tumatir da attaruhu da albasa yake yi a fadama. Matarsa Saude 'yar Gangaren Dutse ce, can gaba da Doguwa. Wata huɗu da suka wuce, yana kasuwa, maƙwabci ya aiko aron injin ban ruwa, Saude ta bayar, inji ya dawo a ƙone. Tumatir na tsaka da fure ya yi kwana uku bai sha ruwa ba. Nazifi ya buɗe baki ya faɗa mata maganar da ba a faɗa wa 'yar mutane, har ya taɓo iyayenta. Ita kuwa ta ɗaure 'yan kayanta ta tafi gida, da cikinta na fari, wata biyar. Maimakon gogan naka ya bi sawu, sai zuciya ta ɗebe shi ya yagi takarda ya rubuta saki ɗaya, ya ninke ya ba Sha'aibu direba ya kai. Sha'aibu bai san me ke ciki ba, har yana tsokanarsa wai wasiƙar masoya ce.

Mako bai zagayo ba ya yi nadama, nadama kuwa mai hana barci. Amma kun san girman kai. Kullum sai gobe: bari a kwashe tumatir, bari a cire albasa, bari a gama sharar gona. Alhali kowa ya san iddar mai ciki haihuwa ce. Muddin ba ta sauka ba, yana da ikon mayar da matarsa. Ranar da ta sauka kuwa ta fita daga hannunsa, sai dai ya zo nema kamar kowane baƙo, in ta so, in mahaifinta ya so. Mahaifin nata kuwa, Malam Badruddeen, ba mutum ne da ake yi wa wasa da 'ya ba.

Jiya da yamma Sha'aibu ya taka birki a gindin marken da ake jiran mota, ya leƙo ta taga ya yafito shi.

"Mutumina, surukarka ta tare ni a bakin hanya. Ta ce watan yarinya ya tsaya, yau ne ko gobe. Ba ta ce ka zo ba fa, ta ce dai in faɗa maka. Ni ne nake ce maka ka zo. Ni na kai waccan takardar, har yau kunyar mutanen nan nake ji. Gobe bakwai ka tsaya nan, kafin goma na dire ka a ƙofar gidansu."

Motar Sha'aibu farar bas ce, tsohuwa amma ba ta saɓa lokaci. Kullum daga tashar Bebeji take tasowa, ta ratso ƙauyukan Kiru ta hanyar fadama, ta tsallake mashigin rafi inda babu gada, ta ɓullo Tudun Wada, ta keta dajin Falgore har Doguwa da ƙauyukan bayanta. Sai dai wannan tsarin rani ne. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ranar mota take barin hanyar fadama ta koma bin kwalta, ba za a sake ganin ƙeyarta a Unguwar Marke ba sai kaka. Ba a shela, ba a aiko takarda. Kowa yana da ido, in ka tashi ka ga ƙasa a jiƙe ka san zancen.

Shi ya sa Nazifi na fitowa ya ɗaga kai ya dubi sama. Fes yake, ko gizagizai babu. Ya shuri ƙasa da takalmi, busasshiya ƙamas. Ya biya ta shagon caji ya karɓi wayarsa da ya bari ta kwana a can don ta cika, ya wuce gindin marke, bakwai da sauran kwata.

Bakwai ta yi, ya gyara hula. Bakwai da rabi, ya ce ai lodi ne, yau Laraba ranar kasuwa. Ya zauna a kan saiwa, ya tashi, ya taka zuwa kwanar da ake hango mota daga nesa, ya dawo. Ya soma bitar maganar da ya yi kwanaki yana shiryawa. Zai tsugunna gaban Malam Badruddeen ya ce ya yi kuskure. A'a, kuskure ya yi kaɗan, zai ce ya yi wauta. Sannan zai roƙi a bar shi ya ga Saude, ya faɗa mata da bakinsa, ido da ido, cewa ya mayar da ita. Yana cikin haka ya ji ƙarar inji, ya zabura ya ɗauki ledar tsarabarsa. Ashe injin niƙan gidan mai unguwa ne aka tayar.

Ya kira Sha'aibu, waya ba ta shiga. Ya kira yayan Saude, daman ya san aikin banza ne, Gangaren Dutse babu sabis sai an hau dutse. Ya sake kiran Sha'aibu. Rana ta ɗago, zafin bazara ya fara cin wuyan shaddar nan. Masu wucewa gona suna yi masa sannu, wani ya ce, "Ango, ina zuwa haka?" Ya yi yaƙe. Tsoro ne ya fara kama shi, tsoro sosai.

Wajen ƙarfe tara sai ga garken shanu sun ɓullo daga hanyar rafi, wani dattijon Bafulatani yana biye da su da sanda a kafaɗa. Nazifi ya matsa ya ba su hanya, idonsa ya sauka a kan cikkunansu. Sharkaf suke, jar laka har ƙirji, jelarsu na ɗigar ruwa. Ya dubi shanun, ya dubi sama, ya sake duban shanun.

"Sannu Baffa. Ina shanun nan suka sami ruwa haka?"

"Mayo ya kawo," in ji dattijon, rafi yake nufi. "An sha ruwa a kudu jiya, mai yawa, can wajen duwatsu. Da ƙyar muka haye. Mota kake jira? Ai ko jirgi ne sai ya yi tunani."

Inna lillahi! Nazifi ya dafe kai. Shekara nawa yana zaune a garin nan, bai taɓa kawo wa ransa cewa ruwan da zai ɗauke masa mota ba lalle ne ya sauka a kansa ba. Su mutanen Unguwar Marke samansu suke dubawa, direbobi kuwa rafi suke tambaya. An yi ruwan shuka a Doguwa, ya gangaro ya cika mashigi, mota ta koma kwalta, shi kuma yana nan ya shanya baki a gindin marke awa biyu cur.

Mai achaɓa ɗaya ne a garin, ya tafi kai mara lafiya. Nazifi ya tattare shadda ya kama hanya a ƙafa, rabi tafiya rabi gudu. Ya yi nisa kafin wani mai babur ɗauke da buhun albasa ya tausaya masa, ya ɗora shi a kan buhun. Haka ya shiga tashar Kiru, a sama kamar kaya, yana warin albasa.

Ɗan kamashon tashar na ganinsa ya tafa hannu. "Kai ne Nazifi? Haba malam! Sha'aibu ya kira ka da asuba ya fi sau goma, wayarka a kashe. Tun shida da rabi ya wuce, ai an koma lokacin damina. Har ya tsaya a mahaɗa yana ta hon ko za ka ɓullo, sai da fasinja suka fara zaginsa."

Wayar da ya kai caji don kada ta mutu a hanya! Ya dube ta a hannunsa, kamar ya maka ta da ƙasa.

Daga Kiru ya sami ƙaramar mota zuwa Kwanar Ɗangora. A nan ya tsaya bakin titi yana ɗaga wa duk abin da ke da taya hannu, har wata akori-kura mai ɗauke da buhunan iri ta tsaya, direba da yaronsa a gaba. Direban ba ya sauri, kuma kowane ƙauye sai ya sauke buhu ya gaisa da jama'a, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Nazifi a baya yana ta buga ƙafa. Suna matsawa kudu ƙasa tana sauya launi, tun ana ganin yayyafi jefi-jefi har aka fara ganin ruwa kwance a gefen titi. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancinsa, ƙamshin da duk shekara yake sa shi murna, yau kuwa haushi ya ba shi.

Ana kiran azahar suka shiga Tudun Wada. Tashar da ya sani da hayaniya ya tarar da ita fayau, kowa ya ɗauki sungumi ya tafi gona. Bas ɗaya ce a layin Doguwa, an cire kujerunta na baya an jibga buhunan taki. A jikin bangon ofis an goge tsohon rubutu an yi sabo da alli: motocin Doguwa biyu da safe, ɗaya ƙarfe uku. Wani ƙaton ɗan kamasho mai suna Mujitaba yana kwance a kan benci yana fifita da hula.

"Malam, motar nan yaushe za ta tashi?"

"Ga shi can a rubuce."

"Da rani ai da ta cika take tashi."

"To rani ne yanzu? Dubi tashar, wa zai cika ta? Sai an sauko daga gona."

"Don girman Allah, uzuri gare ni babba."

"Kowa ma da uzurinsa. Jiya wani gawa zai raka." Mujitaba ya juya ya ba shi baya.

Ya nufi inda 'yan achaɓa ke tsayawa. Biyu ya tarar, duka suka girgiza kai, babu mai keta Falgore a kan babur da fasinja ɗaya. Ya fita titi ya tsaya, manyan motoci suna wucewa ba sa ko rage gudu. Ya dawo ya leƙa bas ɗin, ya ƙirga kujerun da suka rage, ya fita, ya sake dawowa ya ajiye ledarsa a kujerar gaba, ya sake ɗauke ta. Da aka ta da salla a masallacin tasha ya shiga sahu, amma wallahi da za a tsare shi a tambaye shi raka'a nawa aka yi, ba zai iya faɗa ba.

Ana idarwa ya yunƙura zai tashi, sai ya ji an riƙe masa gefen riga. Wani tsoho ne siriri mai farin gemu, da gafakarsa a rataye. Malam Sunusi ake ce masa, malamin allo ne a Doguwa, shi ma motar ukun yake jira.

"Zauna, ɗana. Tun ɗazu nake kallonka, ka hana idona hutawa. A salla ma ka riga liman ɗagowa sau biyu. Mutuwa aka yi?"

Nazifi bai yi niyyar faɗa ba, amma abin ya cika masa ciki. Ya sunkuyar da kai ya zayyana masa komai, tun daga injin ban ruwa har shanun da suka jiƙe. Malam Sunusi ya saurara yana jan carbi, da ya ji ƙarshe sai ya saki carbin a cinya.

"La'ilaha illallahu! Yanzu kai duk wannan gudun da kake, ɗauka ka yi sai ka je can ake kome? Wa ya karantar da kai? Magana ce fa. Ka faɗa a gaban mutum biyu, ta koma matarka, ko tana bayan teku."

"Na taɓa jin haka, Malam."

"Ka taɓa ji! To me ka zauna yi?"

"Takarda na aika mata, Malam, a hannun direba. Ko fuskarta ban kalla ba. Shi ne na ce wannan karon ba za ta ji a bakin kowa ba sai nawa. Ina so in tsaya a gabanta."

Tsohon ya dube shi. "Nufinka mai kyau ne, Allah ya ba ka ladansa. Amma abin da ke cikin nan bai san da nufinka ba, in lokacinsa ya yi fitowa zai yi. Ka ɗaure igiyarka tukuna, ban haƙuri ka je ka yi shekara kana yi. Kai, mai fifita! Taso nan."

Mujitaba ya taso yana miƙa, yana tambayar ko an yi sata ne. Da ya ji abin da ake nema gare shi sai barci ya wartsake, ya washe baki, ya gyara tsayuwa kamar wanda za a ɗauka hoto. Masu sayar da rake da mai shayi suka matso. Nazifi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya dubi yatsun ƙafarsa ya yi magana can ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, malam!" in ji Mujitaba. "Shekara ashirin ina kiran lodi, kunnena ya toshe. Abin da ban ji ba ba zan shaida ba."

Nazifi ya ɗago, ya ɗaga murya. "Ku shaida, na mayar da matata Saude, 'yar Malam Badruddeen na Gangaren Dutse."

"Mun shaida," in ji Malam Sunusi, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Wata mai sayar da awara ta rangaɗa guɗa, tasha ta kaure da dariya. Mai shayi ya ce shayin ango kyauta ne. Mujitaba, mutumin da ɗazu ya ba shi baya, shi ne ya karɓi ledarsa ya ajiye masa a kujerar gaba, ya ce duk wanda ya taɓa ta zai gamu da shi. Nazifi ya zauna a benci, karo na farko tun asuba da ya zauna da gaske. Ya ji wani sanyi ya ratsa shi, har ƙwalla ta taru masa. Ya sha shayin nan tas, ya ci awara, ya sayi goro da sabulu ya ƙara a tsaraba.

Uku da 'yan mintoci mota ta tashi, manoma sun cika ta da laka a ƙafa da sungumi a ƙarƙashin kujera. Hirar duk ta ruwa ce, wa ya shuka masara, wa ya ce a jira na biyu kada iri ya ƙone. Nazifi har da sa baki. A tsakiyar dajin Falgore suka yi kiciɓis da motar Sha'aibu tana dawowa, direbobin suka rage gudu suka jera tagogi.

"Na kira ka!" Sha'aibu ya ɗaga murya. "Wallahi na kira ka!"

"Ba komai, an gyara!" in ji Nazifi yana dariya.

Sha'aibu ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai wata babbar mota ta danna hon a bayansa, ya ja ya tafi.

A Doguwa Malam Sunusi ya sauka, ya kwatanta masa makarantarsa, ya ce in ana neman shaida a aiko, ko a ƙafa zai zo. Mota ta ci gaba. Rana ta yi sanyi lokacin da aka sauke Nazifi a bakin hanyar Gangaren Dutse. Gonaki cike da mutane, maza na sara da sungumi, mata da yara na biye suna jefa iri suna takewa. Tun daga nesa ya hango hayaƙi na tashi a gidan Malam Badruddeen. Da ya matso ya ga an girke ƙatuwar tukunya a bayan danga, ruwa na tafasa, ga ganyen darbejiya an tara a gefe, mata na shiga suna fita. Gabansa ya faɗi, sannan ya tuna, ya yi ajiyar zuciya. An haihu ke nan. To, alhamdu lillahi, ai ya riga ya faɗa.

Malam Badruddeen yana zaune a zaure a kan buzu. Nazifi ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya shiga ya tsugunna. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Inna Turai, aka tambayi ruwa. Tsohon bai ɗaure fuska ba, bai kuma sake ta ba.

"An sauka lafiya," in ji shi. "Mace aka samu."

"Alhamdu lillahi. Allah ya raya." Nazifi ya gyara tsugunno. Duk maganar da ya shirya ta watse, sai ya kama ta tsakiya. "Baba, na yi wauta, na yi rashin kunya, ba ni da bakin ba ku haƙuri. Amma na mayar da ita, Baba. A gaban shaidu biyu, a tashar Tudun Wada. Ɗaya malami ne a nan Doguwa, ya ce a aika ya zo."

Malam Badruddeen ya ɗago ya dube shi sosai. "Da wane lokaci?"

"Muna idar da azahar."

Tsohon ya kawar da kai. Ya ɗauki carbinsa, ya mayar ya ajiye. A cikin gida ana ta daka, wata tana kiran a ƙaro itace.

"Rana ba ta kai tsaka ba ta sauka," in ji shi a hankali. "Ina gona aka aiko, na dawo na yi alwala na zauna, sannan ladan ya kira."

Nazifi ya ji maganar sarai, amma sai da ya sake tambaya, wai ko an duba agogo. Aka ce an duba. Ya ce ko agogon yana baya. Yana faɗa ya ji kunyar kansa. A lokacin da ta sauka shi yana bayan akori-kura, a kan buhun iri, da bakinsa da komai, kuma ga mutum biyu a gaban motar.

"Baba, a taimake ni."

"Da me? Ba ni na sa dokar nan ba, ba kuma ni zan ɗage ta ba. Wata huɗu ina zaune a zauren nan, duk motar da ta tsaya sai na ɗaga kai. Yau da safe ma da motar Sha'aibu ta tsaya, yarinyar nan tana durƙushe, ta ce da uwarta ta leƙa ta gani ko an sauke wani." Ya share fuska da tafin hannu. "Yanzu ita ke da kanta. In ta yi arba'in ka turo manyanka, a tambaye ta. Abin da ta ce shi za a yi, ba zan sa baki ba."

"Kana ganin za ta yarda, Baba?"

"Yanzu ban sani ba. Da safiyar yau kam na sani."

Aka yi sallama daga ƙofar cikin gida. Surukarsa ce, ta miƙo jaririyar a naɗe cikin zane, ba ta ko dubi inda yake ba. Malam Badruddeen ya karɓa ya ɗora masa a hannu, ya ce ya yi mata huɗuba, wannan kam haƙƙinsa ne, babu mai ƙwace masa. 'Yar fari ce, kamata ya yi ya kau da kai ya nuna kunya a gaban suruki. Ina! Ya ƙura mata ido, 'yar mitsitsiya, jajir, ta dunƙule hannu. Ya kai bakinsa kunnenta ya fara kiran salla, ya kai rabi ya rikice, sai da ya sake daga farko.

Yana gamawa ya jiyo ta. Daga can cikin gida, murya a dashe, tana cewa a dawo mata da yarinyar kada ta sha iska. Muryar Saude ce. Bai san lokacin da ya miƙe ba, da jaririyar a ƙirjinsa, ya taka ɗaya, biyu, har ya sa ƙafa a dokin ƙofar da ya saba shiga ba tare da an yi masa iso ba.

"Malam Nazifi," in ji tsohon daga bayansa, ba da faɗa ba. "Nan ne iyakarka."

Ya tsaya. Surukar ta miƙo hannu biyu, ya sa mata yarinyar, ta juya ta shige da ita.